Kunnen Mabushi Shi Ne Takardarsa

Duk wanda ya halarci hawan salla a Lafiya, garin da Barebari suka kafa, wanda ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa a 1996, ya ji yadda kakaki da algaita ke kirarin Sarki ba tare da baki ya furta kalma ba. Kakaki amo biyu ya fi dogara a kansu, na sama da na ƙasa, amma jama'a na gane abin da yake faɗi. Dalili kuwa shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya ake bambanta kukan yaro da kukar miya.

A wajen 'yan badujala da manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai, takarda ake bi. A 1939 aka yi taro a Landan aka tsayar da ma'auni ɗaya, wato amon da ke karkarwa sau 440 a sakan guda. Duk da haka kayan busa ba su zo daidai ba. Irin kakakin Turawa da aka fi busawa, in aka rubuta masa amo, abin da ke fitowa yana ƙasa da na takarda da mataki ɗaya. Tilas mai tsara kiɗa ya ɗaga masa rubutun, in ba haka ba ya saɓa da sauran.

Akwai kuma masu baiwar gane kowane amo da sunansa da zarar sun ji shi. Binciken da Diana Deutsch ta buga a 2006 ya nuna baiwar ta fi yawa ga ɗaliban kiɗa na Beijin, masu harshe mai karin sauti, bisa takwarorinsu na Amurka.

To, mabushin fada bai san sunan amo ba, amma ya san tazarar da ke tsakanin amo da amo. Ko algaitarsa ta fi ta wani kauri, zai kai kirarin inda muryarta take, ma'ana ba ta ɓata ba. Wannan ilimi daga uba zuwa ɗa yake tafiya, ba ya cikin littafi. In yara suka daina zama gaban iyayensu, kayan busa za su saura a fada, maganarsu kuwa ta tafi. Ya kamata masarautu da makarantu su ɗauki busar dattawan nan a faifai tare da fassarar kirarin, tun suna da rai.