Yadda Mazaunin Amurka Ya Ke Ɗauko Danginsa

Sau da yawa a kan ji ɗalibi a nan kwaleji yana cewa wansa da ke Amurka zai aiko masa da takarda ya tafi. Har wani ya kan yi sakaci da karatunsa saboda wannan zance. To, ya kamata mu san yadda dokar ta ke, kada mutum ya hangi hadari ya zubar da ruwan tulunsa.

Tushen wannan al'amari shi ne dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 3 ga Oktoba, 1965. Kafin nan rabon ya fi karkata ga mutanen Turai ta Arewa da ta Yamma. Wannan doka ta kawar da wancan tsari, ta sa zumunta a gaba.

Masu iya neman a kawo musu dangi iri biyu ne, watau ɗan ƙasa, da mai izinin zama na dindindin, wanda a ke ce wa mai koren kati. Ɗan ƙasa yana iya neman matarsa ko mijinta, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, da iyayensa idan shi ya cika shekara 21. Waɗannan ba a ƙayyade yawansu a shekara ba. Sauran dangi kuwa an kasa su kashi huɗu, kowane da adadinsa. 'Ya'yan ɗan ƙasa manya marasa aure 23,400 ne a shekara. Matan masu koren kati ko mazajensu da 'ya'yansu marasa aure 114,200. 'Ya'yan ɗan ƙasa masu aure 23,400. Wa da ƙane da ya da ƙanwa 65,000. Wannan lissafi na duniya duka ne, don haka layin ya yi tsawo ƙwarai. Wanda wansa ya nema ya kan jira fiye da shekara 15. Mai koren kati kuwa ba shi da ikon neman iyayensa ko ƙannensa sam.

A nan ne al'adarmu ta sha bamban da tasu. Mu kan ce wa ɗan baffa ɗan'uwa, mu ce wa yaron da muka riƙa ɗa. Dokar ba ta san kawu ba, ba ta san goggo ko kaka ba. Ɗan riƙo ba ya shiga sai an mai da shi ɗa bisa doka kafin ya kai shekara 16, ya kuma zauna hannun mai riƙonsa shekara 2. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya sani doka ba ta yarda da wannan a can ba.

Hanyar kuwa ga ta. Mai nema zai cika takarda mai lamba I-130, ya haɗa da shaidar dangantaka, kamar takardar haihuwa da ta aure. Ranar da aka karɓi takardar ita ce matsayin mutum a layi, Ma'aikatar Harkokin Waje kuma tana buga sanarwa kowane wata ta nuna inda layin ya kai. In lokaci ya yi sai likita ya duba mutum, sa'an nan ya je ofishin jakadancin Amurka na Ikko a yi masa tambayoyi.

Abu mafi nauyi shi ne lamuni, watau takarda mai lamba I-864. Tun dokar 1996 wannan takarda ta zama alkawari da kotu ke tilasta cikawa. Lalle ne abin da mai lamunin ke samu ya ɗara ma'aunin talauci na gwamnati da kashi 25 cikin 100. Idan baƙon ya karɓi wasu irin taimakon gwamnati, ana iya bin mai lamuni ya biya. Nauyin ba ya sauka sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar ya saki katinsa, ko ya rasu. Ko saki ba ya warware shi. Saboda haka wanda ɗan'uwansa ya yi jinkirin sa hannu, kada ya yi saurin ce masa marowaci.

A kula kuma da masu cewa za su shirya auren ƙarya. Hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000.

Bayan wannan duka, ƙofar ta kan rufe. A 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama, Shugaba Joe Biden ya soke wannan a Janairu 2021, sa'an nan a Disamba 2025 aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, wanda aka cika wa takarda ya adana shaidunsa, ya riƙa bin sanarwar ofishin jakadanci da kansa, ya kuma dage ya sami takardar malantarsa. Shekara 15 ta isa malami ya ga yaran da ya koya wa baƙi da wasali sun gama jami'a.