Kada A Bar Mai Ciniki Shiru A Kan Waya

 

Bayan farashin mako, yau za mu taɓo wata hanya da ciniki ke kuɓucewa ba a ankara ba. Mutum ya bugo waya daga Maraɗi ko Ikko yana neman buhu 50 na wake a Dawanau. Yaron rumfa ya ɗauka, ya ce "Alhaji na zuwa", ya aje wayar bisa buhu. Mai kira ba ya jin komai sai ƙugin mota da hayaniyar 'yan dako. Bai sani ba, an manta da shi ne ko layi ne ya yanke. Can sai ya kashe, ya buga wa maƙwabcinka. To, buhu 50 sun tafi ke nan.

Turawa sun daɗe da gano wannan ciwo. A shekarar 1962 wani mai masana'anta a Amurka, Alfred Levy, ya tarar wata waya ta kwance ta taɓa ƙarfen gininsa, har masu jira a layi suna jin shirin gidan rediyon da ke kusa. Ya ga abin yana ɗebe wa mai jira kewa, aka yi masa rajistar dabarar a 1966. Asalin kiɗan jira ke nan.

Mu a nan abin iri biyu ne, ya kamata a bambance. Akwai sautin da mai kira ke ji tun ba a ɗauka ba. Wannan mai layi ke biyan kuɗinsa, shi mai kira ba a cin katinsa. Akwai kuma wanda ake sa wa mutum bayan an ɗauka an ce ya dakata. Nan fa kuɗinsa ke tafiya, domin tun 2003 da Glo ya kawo lissafin daƙiƙa a Nijeriya, kowace daƙiƙa da kuɗinta. Mai bugowa daga wata ƙasa kuwa nasa ya fi tsada.

Saboda haka ga shawararmu.

Na farko, muryar mai rumfa ta fi kowane kiɗa. A yi sallama, a faɗi sunan rumfa da layin da take, da lokacin buɗewa da tashi, da kayan da ke ƙasa. A taƙaita, kada a mai da shi wa'azi.

Na biyu, a yi hattara da farashi. Gero da masara suna iya kwana da kuɗi ɗaya su tashi da wani. Wanda ya ji tsohon farashi ya ɗauko mota ya zo ya tarar da sabo, ba zai ce saƙo ne ya tsufa ba, cewa zai yi an yaudare shi. In za a faɗi farashi, a haɗa da ranarsa, a kuma sabunta. In ba za a iya ba, a bar shi.

Na uku, a duba abin da ake sa wa kunnen mutane. Masu kiranka akwai malami, akwai dattijuwa, akwai wanda ba Bahaushe ba. Waƙar siyasa ko ta habaici tana iya korar rabinsu. Wasu kuma kan sa karatun Alƙur'ani da kyakkyawar niyya, amma da an ɗauka sai aya ta yanke a tsakiya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi hani da wannan a 2007.

Na huɗu, kuma shi ne babba: in jira zai wuce minti ɗaya, kada a riƙe mutum. A ce masa, "Ranka ya daɗe, kashe, yanzu Alhaji zai kira ka." Sa'an nan a cika alkawari. A koya wa yaran rumfa wannan, a aje musu littafin rubuta lambar wanda ya kira da abin da yake nema.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai kira ba ya ganin fuskarka, abin da kunnensa ya ji shi ne tarbar da ka yi masa.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.