Hoton kaka a Karfi: abin da waya ke adanawa da abin da take tonawa

Daga Oktoba zuwa Nuwamba, duk wanda ke da lambobin 'yan Karfi a wayarsa yakan san kaka ta yi tun kafin ya leƙa kasuwa. Sitatus ɗin WhatsApp ne ke fara ba da labari: ga masara an tara ta yi tsibi, ga waken suya shanye a kan tamfol, ga auduga ta fashe fari fat, mai gona na tsaye a gefe yana murmushi. A tsakani kuma akwai hotunan da ba ruwansu da lokaci, irin su tattabarun da wani ke kiwo a bayan ɗaki, ragon da aka turke domin babbar salla, kyanwa kwance a kan buhu, ko faɗuwar rana da wani ya ɗauko a hanyar Malumfashi zuwa Funtua.

Ba mai hoto ba ne ya ɗauka. Manoma ne da ɗalibai da 'yan acaɓa, kuma akasarinsu da Tecno ko Itel ko Infinix suke aiki. Duka ukun na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya yi suna wajen saita kyamara yadda za ta fito da fuskar baƙar fata sarai. Wannan ya taimaka, amma bai gama magance matsalar hasken wannan yanki ba. Da tsakar rana, idan mutum ya tsaya gaban tarin auduga, farin kan rinjayi kyamarar, sai ta rage haske, fuskar ta koma duhu. Maganin shi ne a taɓa fuskar a kan allon wayar kafin a danna, ko kuma a jira sanyin la'asar. Da hunturu kuwa, hazo kan dusashe launin komai, ƙura ta kwanta a idon kyamara. Hotuna da yawa da ake ɗora wa laifin arhar waya, gefen riga kawai suke buƙata a goge gilashin. Janyo abu da yatsa biyu ma ba ya ƙara komai a yawancin waɗannan wayoyi, yanka hoton yake yi ya buɗa shi. Mai son tattabararsa ta fito da kyau, gara ya watsa mata dawa ya matsa kusa.

Ɗauka ke nan. Ajiya ita ce inda ake tafka asara. Mutane da yawa sun mai da WhatsApp rumbun hotunansu, alhali manhajar tana matse hoto ta rage masa inganci kafin ta tura, sitatus kuma awa 24 kawai yake yi. Ko zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ba ya tura hoton kamar yadda kyamara ta ɗauke shi. Google Photos ya daina ba da wurin ajiya kyauta mara iyaka tun ranar 1 ga Yunin 2021, yanzu gigabait 15 ne, kuma Gmail ma daga ciki yake ci. Mutanen yankin sun ma ga wani abin da idonsu: a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Katsina, ciki har da Malumfashi da Funtua, a matakin yaƙi da 'yan bindiga, aka yi watanni a haka. Wanda hotunansa ke intanet kaɗai, sai da ya yi tafiya kafin ya gan su. Wanda kuma ke riƙe da su a waya kaɗai, ranar da ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa, shi ke nan har hoton marigayi baba ya tafi. Wuri biyu ya kamata: memori ko filashi a gida, da kwafi a intanet.

Masu son inganci sun gano dabarar tura hoto a matsayin fayil, don kada a matse shi. Dabarar tana aiki, sai dai akwai abin lura. Kowane hoton waya yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF: irin wayar, rana da lokaci, kuma idan an bar wa kyamara izinin GPS, har da daidai wurin da aka tsaya. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, WhatsApp kan cire masa waɗannan bayanai. Wanda aka tura a matsayin fayil kuwa, sau da yawa yakan isa da su cif. Mai karɓa zai iya buɗe taswira ya ga gonar ko gidan.

A wani wurin wannan ƙaramin abu ne. A Karfi ba haka ba, domin ba a manta harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau da asuba a watan Agustan 2025 ba, kuma kowa ya san yadda ake tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Kashe alamar wuri ba ya cin minti ɗaya: a shiga saitin kyamara a kashe ta, ko a janye izinin wuri daga saitin wayar.

Amma a gaskiya ba ɓoyayyen bayani ne ya fi haɗari ba. Abin da ido ke gani ne. Ɗan gari ba ya buƙatar GPS kafin ya gane kukar da ke bayan hoton, ko launin ƙofar gidan. Buhu hamsin da aka jera aka ɗauka, lissafi ne aka yi wa duk mai kallo, musamman in ya san farashin da masara ta yi a kasuwar Ɗandume ko Bakori a wannan makon. Haka garken shanu, haka sabon babur da lambarsa a fili. Sitatus kuma ba ya tsayawa inda aka sa shi, kowa na iya kwafe shi ya tura gaba.

Shi ya sa masu lura suke canza salon ɗauka, ba wai su daina ba. Maimakon rumbu gaba ɗaya, sai goyon masara ɗaya a tafin hannu. Maimakon garke, sai kan sa guda da ƙahonsa a hasken yamma, wanda sau da yawa ma ya fi kyau. Hoton gona sai an dawo gida, ko bayan an kwashe amfani, sannan a ɗora. WhatsApp yana da zaɓin ware waɗanda za su ga sitatus, kuma ya dace a yi amfani da shi. Babban hoton da ke nuna dukan albarkar shekara, a ɗauke shi, a ajiye a memori, a nuna wa iyali a tsakar gida.