Bayani a kan faɗarsa: "Filasko da tsamiya suna wanke jini"

Na ce: ɗalibi ya lura, wankin da mai littafi, Allah Ya jiƙan shi, yake nufi a nan ba tsarki ba ne irin na babin ɗahara. Magana ce ta malaman ɗibbu na da, irin su Ibnu Sina, da suka ce jiki yana tsaye bisa abu huɗu: jini, majina, safra'u da sauda'u. In ɗaya ya rinjayi sauran sai cuta ta taso, sai a rage shi da abin da ke sa gudawa, ko wanzami ya yi ƙaho.

Filasko shi ne Larabawa ke ce ma sana, kuma ambatonsa ya zo cikin hadisin Asma'u bintu Umais wurin Tirmizi. Aikinsa a hanji yake. Tace jini kuwa, Allah Ya ɗora shi ga ƙoda da hanta.

Na taɓa ganin almajiri da masassarar damina ta sa ya ɗashe, aka yi ta ɗura masa jiƙo wai jininsa ya ɓaci, alhali ƙaranci ya yi. Sai da aka kai shi likita aka ƙara masa jini. Mai ciki da mai zawo kada su sha, ko da marubucin bai togace su ba. Wallahu a'alamu.