Bikin Littafi: Daga Hannibal Zuwa Anaca

A garin Hannibal da ke bakin kogin Mississippi a Amurka, kowace shekara a farkon watan Yuli akan yi bikin Tom Sawyer, wato yaron nan na littafin Mark Twain na 1876. Yara sukan yi gasar shafa wa shinge farin fenti, kamar yadda ya zo a labarin. Da haka wanda bai karanta littafin ba yakan neme shi.

Mu ma a Anaca muna da irin wannan jari. A 1966 Chinua Achebe ya fitar da Chike and the River, labarin yaron da ke fafutukar neman kuɗin fito don haye Kwara zuwa Asaba. Kusa da ruwan nan Kasuwar Ose Okwodu take, inda na koyi Hausa wurin masu albasa.

'Ya'yansu da na sani suna jin Hausa, amma karanta ta na ba su wuya. 'Yan'uwana ɗalibai, mu nemi izini mu fassara littafin, mu ware rana guda mu karanta musu shi tare da Magana Jari Ce a bakin kogin.