Fury, Usyk da Gardamar Karawa ta Biyu a Damben Masu Nauyi

Watanni bakwai masu bin damben boksin suka kwashe suna musu a kan abin da zai faru idan Oleksandr Usyk na Yukren da Tyson Fury na Birtaniya suka sake sa zare. Ranar 21 ga Disamba 2024 aka yi ta a Riyad, babban birnin Saudiyya, aka kammala turmi 12 ba wanda ya kai ƙasa, alƙalai uku kuma bakinsu ya zo ɗaya: maki 116 da 112, Usyk ne da nasara. Ma'ana ya ci turmi takwas, Fury ya ci huɗu. Duk da haka musun bai mutu ba. Fury ya fita daga fagen yana cewa shi ya yi nasara, alƙalai ne suka yi wa abokin karawarsa kyautar Kirsimeti, magoya bayansa kuwa tun a daren suka fara kiran a yi ta uku.

Wannan ya zama jiki a ajin masu nauyi. Da wuya yanzu a yi babbar karawa a tashi ba tare da an riga an san akwai ta biyu ba, kuma hasashen da 'yan kallo ke yi tsakanin karawar farko da ta biyu ya zama wata kasuwa mai zaman kanta. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kuskuren da ake yi a hasashen iri ɗaya ne kusan kullum.

Sai an koma karawar farko, ta 18 ga Mayu 2024, kafin a gane tushen gardamar. Fury ya fi Usyk tsawo da kusan santimita 15, ya fi shi nauyi da kilo 17 ko fiye, kuma a tsakiyar wasan, daga turmi na huɗu zuwa na shida, shi ke juya akalar fagen, har yana wasa da hannuwa a baya. A turmi na tara Usyk ya same shi da hagu, ya bi shi da ruwan naushi, Fury na tangaɗi daga igiya zuwa igiya. Alƙalin fage, Mark Nelson, ya ga igiya ce kawai ta hana shi faɗuwa, sai ya ƙirga masa a matsayin wanda aka kayar. A dokar boksin wanda ya ci turmi yana samun maki 10, ɗayan 9, idan kuma an kayar da shi sai ya koma 8. Wannan maki ɗaya shi ya raba gardama. Alƙali ɗaya ya ba Usyk 115 da 112, wani ya ba Fury 114 da 113, na ukun ya ba Usyk 114 da 113. Da ba a yi ƙirgen nan ba, da katin na ukun ya zama 114 da 114, a tashi canjaras.

To daga nan kowane ɓangare ya sami abin riƙewa. 'Yan Fury suka ce maki ɗaya ne ya kayar da gwaninsu, wasa ya yi da wasan, idan ya natsu ya yi amfani da girman jikinsa an gama. Suna da hujja mai ƙarfi a tarihi. A Disamba 2018 Fury ya yi canjaras da Deontay Wilder a Los Angeles, bayan ya tashi daga wata faɗuwa a turmi na 12 da kowa ya ɗauka ta ƙare masa. Da aka sake haɗuwa a Fabrairu 2020 sai ya zo da sabon mai horarwa, SugarHill Steward, ya ƙara nauyi, ya daina ja da baya, ya dinga danne Wilder har aka tsayar da wasan a turmi na bakwai. Saboda haka aka yi ta maimaita cewa Fury ya fi haɗari a karo na biyu. 'Yan Usyk kuwa cewa suke yi ai sa'a ce ta ceci Fury, wani alƙalin da tuni ya tsayar da wasan a turmi na tara, kuma mutumin da ya ɗauki rabin wasa yana karantar abokin karawarsa zai fara na biyu ne da karatun a kansa.

Fury ya bi shawarar magoya bayansa, ko kuma ra'ayinsu ya zo ɗaya. Ya hau sikeli da kilo 127 da 'yan kai, duk da cewa sanye yake da kaya har da jaket, alhali a karon farko bai kai 119 ba. Ya rage wasa, ya yi ƙoƙarin tsayawa a tsakiyar fage. Abin da ya ci Wilder bai ci Usyk ba, domin Wilder mai naushi ɗaya ne, daman nan tasa, kuma bai iya faɗa yana ja da baya ba. Usyk bahago ne mai ƙafa, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya tattara dukan kambunan ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018 kafin ya hauro. Ƙarin nauyin da Fury ya yi sai ya zama kaya a kansa daga turmi na shida zuwa sama.

A nan kuskuren hasashen yake. Faɗuwar zakara iri biyu ce, 'yan kallo kuma kan cakuɗa su. Akwai wadda sakaci ko tsautsayi ya jawo, akwai wadda fifikon gwaninta ya jawo. Ta farkon tana gyaruwa a karo na biyu. Lennox Lewis ya isa Afirka ta Kudu a makare a Afrilu 2001, bayan ya tsaya ɗaukar fim a Las Vegas, bai saba da iskar tudun da aka yi wasan ba, Hasim Rahman ya kwantar da shi da dama guda a turmi na biyar. A Nuwamba na shekarar Lewis ya rama a turmi na huɗu. Haka Anthony Joshua, wanda 'yan Najeriya ke ɗauka nasu saboda asalin iyayensa. A Yuni 2019 Andy Ruiz, da aka kawo a matsayin maye gurbi makonni kaɗan kafin wasan, ya kayar da shi sau huɗu a New York aka tsayar a turmi na bakwai. Wata shida bayan nan, a Dir'iyya kusa da Riyad, Joshua ya rage nauyi, ya tsaya daga nesa yana bugu yana gocewa, ya kwashe kusan duka turmin. Ruiz kuwa ya zo da ƙarin kilo bakwai, shi da bakinsa ya amsa cewa shagali ya yi maimakon atisaye.

Ta biyun ba ta gyaruwa da sauƙi. Joshua ɗin nan dai ya sha kashi a hannun Usyk a Landan a Satumba 2021, ya canza mai horarwa ya ɗauko Robert Garcia, ya fi ƙoƙari a Jidda a Agusta 2022, har ya jijjiga Usyk a turmi na tara, amma ya sake faɗuwa. Masu hasashe da yawa a lokacin da Ruiz suka kafa hujja: ai ya taɓa ramawa. Sun manta Ruiz bai fi shi iya dambe ba, Usyk kuwa ya fi shi. Daniel Dubois ma ya yi shekara biyu yana cewa an zalunce shi a Folan a 2023, inda alƙali ya ce naushin da ya durƙusar da Usyk a turmi na biyar ya sauka ƙasa da ɗamara. Aka yi ta nazarin hoton bidiyon ana gardamar inda ɗamarar take. Da suka sake haɗuwa a Wembley a Yuli 2025, turmi biyar kacal Dubois ya yi. Da Fury, mutum uku ke nan da Usyk ya doke, kowanne sau biyu, kowanne kuma an sami masu rantsuwa zai rama.

Me ya sa ake ta maimaita karawa haka? Dalili na farko yana cikin takardar yarjejeniya. Galibi zakara ba ya sa hannu sai an rubuta masa cewa idan ya faɗi yana da haƙƙin karawa ta biyu nan take. Abin ba sabo ba ne, Floyd Patterson da Ingemar Johansson sun kara sau uku a jere tsakanin 1959 da 1961, Lewis kuma sai da ya je kotu kafin Rahman ya cika masa alkawari. Bambancin shi ne abin da a da ake yi jefi-jefi yanzu ya zama ƙa'ida. Ga ɗan dambe da masu shirya masa wasa wannan inshora ce: ko an faɗi, akwai wani babban biya a gaba.

Na biyu kuɗin Saudiyya. Tun daga wasan Dir'iyya na 2019, musamman kuma bayan da Turki Alalshikh, shugaban hukumar nishaɗi ta ƙasar, ya sa dambe cikin bikin Riyadh Season, matsalar wa zai biya ta kau. A da masu shirya wasa kan shekara suna jayayya a kan rabon kuɗin tikiti da na talabijin har wasa ya ruguje. Yanzu mai biya ɗaya ne, kuma yana son sunayen da duniya ta sani. Sunan da aka sani, ko da ya faɗi jiya, ya fi sayuwa a kan matashin da ba a sani ba.

Na uku shi ne tsarin maki kansa. A dambenmu na gargajiya ko dai a yi kisa kowa ya gani da idonsa, ko a raba ba kisa, ba wanda zai koma gida yana lissafin turmi nawa wane ya ci. A boksin mutum uku ne ke zaune a ɓangarori uku na fage, kowa da abin da ya fi burge shi: wani yana duban wanda ke matsawa gaba, wani yana duban naushin da ya sauka da kyau. Turmin da aka yi kankankan da wanda aka ci da tazara duk maki 10 da 9 ne. Don haka mutum biyu masu gaskiya za su kalli wasa ɗaya su fito da sakamako biyu. Canjaras ɗin da aka ba Lewis da Evander Holyfield a Maris 1999, wanda kusan kowa ya ga Lewis ne ya ci, shi ya tilasta karawarsu ta Nuwamba. A wasan Riyad na Disamba har na'ura mai ƙirƙirarriyar basira aka gwada ta ba da nata makin, ba a hukumance ba, ita ma Usyk ta ba. Fury ya yi watsi da ita kamar yadda ya yi da alƙalan.

Sai kuma abin da ke rura wutar tsakanin wasannin biyu. Gutsuren bidiyo na daƙiƙa ashirin ya fi turmi 12 yawo a waya. Mai son Fury turmi na shida zai yi ta turawa, mai son Usyk na tara. Kamfanonin caca na sabunta farashinsu kullum, tashoshin YouTube na neman wanda zai faɗi magana mai zafi, masu shirya wasa kuma ba abin da suke so kamar a yarda cewa karon farko bai warware komai ba, tunda rashin tabbas ne ke sa a biya kuɗin kallo. Kallon-kallon da Fury da Usyk suka yi wa juna na fiye da minti goma a taron manema labarai kafin wasan yana cikin wannan talla. Ƙabilanci da kishin ƙasa ma na shiga. Fury da kansa ya ce bayan karon farko an tausaya wa Usyk ne saboda ƙasarsa na cikin yaƙi.

Ribar wannan al'ada a fili take. Inda ake da shakka, karawa ta biyu na kawar da ita, kuma da ba don ita ba da har yau ana cewa maki ɗaya ne ya ɗaga Usyk. Amma kuɗin da fagen ke biya ba kaɗan ba ne. Usyk ya zama mutum na farko tun bayan Lewis a 1999 da ya haɗa dukan kambunan masu nauyi, na farko kuma a ajin da ya riƙe huɗu, na hukumomin WBA da WBC da IBF da WBO, a lokaci guda. Makonni kaɗan abin ya yi. Saboda yarjejeniya ta ɗaure shi da Fury, bai iya karawa da wanda IBF ta tsayar masa ba, ya ajiye kambun a Yuni 2024, aka ba Dubois ba tare da ya ci zakara a fage ba. Fury ma haka ta faru da shi a 2015: kwanaki kaɗan bayan ya doke Wladimir Klitschko a Jamus IBF ta karɓe kambunta saboda sharaɗin karawa ta biyu, karawar da a ƙarshe ma ba a yi ba.

Babbar asarar ita ce ta 2021. An kusa kammala shirin haɗa Fury da Joshua a Saudiyya, lokacin da su biyun ke riƙe da kambu huɗun, sai mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya fara cika wa Wilder alkawarin karawa ta uku. Fury ya je ya sake doke mutumin da ya riga ya doke, a wasa mai daɗin kallo ƙwarai, gaskiya, amma kafin ya yi hakan Usyk ya riga ya raba Joshua da nasa kambunan. Su kuma matasan da ke layi, kowace karawa ta biyu na nufin ƙarin wata shida zuwa shekara suna jira, a sana'ar da ƙarfin mutum bai wuce 'yan shekaru ba.

A ganina karawa ta biyu ta cancanta ne inda aka yi canjaras, ko alƙalai suka rabu, ko wani hukunci ya bar shakka ta gaske. Ta Fury da Usyk ta cika wannan sharaɗi, ta Joshua da Usyk ba ta cika ba, tunda alƙalai uku ne suka ba Usyk a Landan ba gardama. Ta uku tsakanin Fury da Usyk kuwa ba ta da hujja a fage, bayan turmi 24 da alƙalai biyar cikin shida suka ba mutum ɗaya. Fury ya sanar da ritaya a Janairu 2025, kamar yadda ya sha yi a baya, bayan 'yan watanni kuma ya dawo yana neman a yi ta uku a Ingila, inda ya ce zai sami adalci.