Kafin Faifan Ya Daina Juyawa: Na'urar DVD Da Makomar Waƙoƙinmu A Karaye Da Rogo

Kalmar "faifai" na daga cikin kalmomin Hausa da suka yi doguwar tafiya ba tare da sun gaji ba. Asalinta dai shi ne wannan abu mai faɗi da iyayenmu mata ke saƙawa da kaba domin rufe ƙwarya ko bakacen tsaba. Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa, Bahaushe ya dubi baƙin abin nan da ke juyawa yana waƙa, ya ga siffarsa ɗaya da ta murfin ƙwaryar furarsa, sai ya raɗa masa suna faifan garmaho. Zamanin kaset ya zo kalmar ta ɗan huta, sannan ta dawo da ƙarfinta tare da faifan CD da na VCD da na DVD. A yau kuwa mai karanta labarai a rediyo kan ce "wani faifan bidiyo da ke yawo a wayoyin jama'a", alhali abin da yake nufi ba shi da faɗi, ba shi da kewaye, ba a ma iya riƙe shi a hannu. Ke nan kalmar ta tsira. Abin da ya rage mu tambayi kanmu shi ne: abin da aka zuba a cikin faya-fayan fa, shi ma zai tsira?

Domin mu fahimci girman wannan tambaya, ya kamata mu ɗan waiwayi na'urar da ta riƙa juya waɗannan faya-fayai a ɗakunanmu. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a shekarar 1982, kuma murya kaɗai yake ɗauka, ta tsawon minti 74 zuwa 80. A 1993 aka samar da VCD, wanda ya haɗa murya da hoto a kan faifai mai girman na farko, shi ya sa fim ɗaya kan zo a faifai biyu. DVD ya fito a Japan a 1996, yana ɗaukar abin da ya ninka na CD fiye da sau shida. Sai kuma dabarar MP3 da ke matse murya ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta, ta yadda faifai guda zai ɗauki waƙa ta fiye da sa'o'i goma. A shekarun 2000 masana'antun ƙasar Sin suka cika kasuwannin duniya da na'ura ɗaya mai araha wadda ke karanta dukkan waɗannan nau'o'i. Ita ce mutanenmu suka kira "dibidi" kawai, ba tare da sun damu da bambancin abin da ake zura mata ba.

Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, misali ne mai kyau na irin wuraren da wannan na'ura ta dace da su. Yanki ne na manoma da 'yan kasuwa da masunta, musamman tun bayan kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Mazauna irin wannan yanki ba su da gidan silima, rediyo kuma abin da ya ga dama yake sa musu a lokacin da ya ga dama. Ita kuwa na'urar faifai ba ta buƙatar komai sai wuta, ko da ta ƙaramin janareto ce, kuma mai ita ne ke zaɓen abin da zai ji. 'Yan kasuwa kan saro faya-fayai daga birnin Kano, inda kasuwar Ƙofar Wambai ta daɗe da zama cibiyar cinikin kaset da finafinai, su baje su ranar kasuwa a garuruwa da ƙauyuka. Cikin 'yan shekaru talabijin da dibidi suka shiga jerin kayan ɗakin amarya, gefe guda da gado da kwalla da tangaran.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe a nan shi ne yadda ake sauraron, domin na'ura ce ta gida sukutum. Sifikarta ba ta san sirri ba. Abin da mutum ɗaya ya sa, kowa a gidan zai ji, har da maƙwabta ta kan katanga. A gidaje da yawa da safe karatun Alƙur'ani ko wa'azi ake sawa. Da hantsi, bayan maza sun fita, sai mata su sa amadar Barmani Coge ko waƙoƙin finafinai suna aikace-aikacensu. Da dare kuwa, idan maigida ya ci tuwo ya karɓi rimot, sai a ji kalangun Mamman Shata, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko gurmin Haruna Uji. Yaro ba shi da zaɓi, dole ya ji abin da ubansa ke ji. Uban kuma, ko yana so ko ba ya so, ya san waƙar da 'yarsa ke rerawa a tsakar gida.

Wannan tilas ɗin makaranta ce ta harshe wadda babu wanda ya shirya ta. Yaron Karaye da ya tashi yana cewa "muka" da "suka" da "aka", a bakin Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa ya fara jin "munka" da "sunka" da "anka", ya kuma ji ana kiran 'ya'ya "ɗiya". A nan ya gane cewa Hausa ba kala ɗaya ba ce, akwai ta Sakkwato da Zamfara, kuma ba kuskure suke yi ba. A waƙoƙin noma ya ji kalmomi irin su sassabe da huɗa da firi da maimai da gayya an jera su a muhallinsu. A waƙoƙin fada ya ji sunayen sarautu da kirarinsu, ya ji zambo da habaici, wato yadda ake sukar mutum ba tare da an kama sunansa ba. Muhimmin abu kuma shi ne, duk lokacin da kalma ta shige masa duhu akwai babba a kusa da zai tambaya. Kaka za ta fassara, uba zai ba da labarin basaraken da aka yi wa waƙar, a dakatar da faifan, a yi musu, a maimaita baitin. Babu ƙamus ɗin da ke yin wannan aiki.

Haƙiƙa ba alheri kaɗai na'urar ta zo da shi ba, kuma adalci ne a faɗi hakan. Da yake tana nuna hoto, sannu a hankali ta mayar da sauraro kallo. Masana'antar finafinan Hausa da ta fara da Turmin Danya a 1990 ta gano, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999, cewa waƙa ce ke sayar da fim, sai fiyano ya ture kalangu da goge a kunnen matasa. Bugu da ƙari, mafi yawan faya-fayan tsofaffin mawaƙa da aka saya a lokacin na satar fasaha ne. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo tun 1991, amma an ci gaba da buga muryoyinsu ana sayarwa ba tare da sisin kwabo ya isa ga iyalansu ba. Masani Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan kafofin sadarwa a Kano, ya nuna yadda kwafi a kan kwafi ke dusashe murya da hoto har jama'a su saba da dusashewar. A faifan MP3 kuwa ɓarnar ta fi haka: waƙa ɗari a faifai ɗaya, babu sunan waƙa, babu shekarar da aka yi ta, wani lokaci a yanke farkonta, wani lokaci a jingina wa wani waƙar wani. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan sai da aka kai ga ba a san mai ita ba.

Duk da haka, waƙoƙin manyan makaɗa suna da masu kula da su. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka yana rubuta tarihin makaɗansu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006, gidajen rediyo na Kaduna da Kano suna da taskokinsu, intanet kuma cike take da muryoyin waɗannan mashahurai. Damuwata tana ga wani rukunin faya-fayan daban, wanda ba a taɓa kai shi kasuwa ba. Ina nufin faifan da mai ɗaukar bidiyo na gari ya ɗauka a wurin biki, ko naɗin dagaci, ko hawan salla, ko dambe da kokawar kaka, ko saukar karatu, ya buga kwafi uku ko biyar ya miƙa wa masu hidima. A cikin irin wannan faifai ne kaɗai za a ji makaɗin ƙauye da bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba, da zabiyar da ta san zuriyar kowane gida, da maroƙin da ke jero kirarin gari, da waƙoƙin da 'yanmata ke yi a dandali kafin su daina fita dandalin.

Ga mai nazarin harshe, faya-fayan wannan yanki suna da wata daraja ta musamman. Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kusa da ƙasar Zazzau da yankin Funtuwa, inda Shata ya yi zama mai tsawo, inda kuma Barmani Coge ta rayu har rasuwarta a 2013. A irin wannan mahaɗa ce Kananci da Katsinanci da Zazzaganci ke gogayya a bakin mutane, kuma waƙa da hirar da ke tsakanin baitoci na daga cikin shaidu mafi inganci na yadda ake magana a wani zamani. Muryar tsohuwar da aka ɗauka tana guɗa da kirari a bikin jikarta a 2005, murya ce ta wadda ta koyi Hausarta tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Irin wannan Hausa ba ta cikin littafi, masu ita kuma suna ta ƙarewa.

To, ina waɗannan faya-fayai suke a yau? Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma da ta fara ɗaukar memori sai shagunan masu tura waƙa suka maye gurbin masu baje faifai. Daga baya intanet ta zo ta rage wa su ma masu turin kasuwa. Yanzu kowa da wayarsa, matashi ya toshe kunnensa da abin sauraro, uba bai san abin da ɗansa ke ji ba, ɗan kuma ba shi da wanda zai tambaya. Na'urar dibidi ta koma saman kabad ko ƙarƙashin gado, faya-fayan kuma suna cikin leda ko kwali. Mutane da yawa suna zaton faifai ba ya lalacewa tunda ba zare ne da shi kamar kaset ba. Gaskiyar magana ita ce, faifan da ake bugawa a shago da kwamfuta, a kan wani siririn rini ake rubuta bayanansa, kuma zafi da hasken rana da laima suna cin wannan rini. Ƙurar hunturu tana karce bayansa, azurfar da ke samansa tana ɓarewa. Ita kanta na'urar, idon da ke karanta faifan yana raunana da shekaru, masu gyara sun koma gyaran waya, sababbin kwamfutoci da yawa kuma ba su da wurin zura faifai. Kaset ɗin da suka riga faifai sun fi shiga haɗari, domin tun 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana murya da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin karanta su suna gab da ƙarewa.

Aikin ceto waɗannan muryoyi bai fi ƙarfinmu ba. Kwamfuta ɗaya mai karanta faifai, da rumbun ajiya biyu, da matashi mai haƙuri sun isa a fara. Abin da ya fi kwafin muhimmanci shi ne rubuta bayani: wane ne ke waƙar, a wane gari, a wace shekara, a bikin wa. Wannan bayani a kawunan dattawa yake, kuma su ma ba su da garanti. Masarautar Karaye, wadda bisa dokar 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, ita ta fi dacewa ta yi kira ga hakimai da dagatai da tsofaffin masu ɗaukar bidiyo su kawo abin da ke hannunsu, a kwafa a mayar wa kowa kayansa. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna maimaita nazarin waƙoƙin da aka riga aka nazarta; me zai hana a tura 'yan asalin wannan yanki su yi kundin digirinsu a kan makaɗan garuruwansu? Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa tana iya ajiye kwafi guda. Akwai kuma shirin Laburaren Birtaniya na ceto taskokin da ke fuskantar salwanta, wanda tun 2004 yake tallafa wa irin waɗannan ayyuka a ƙasashe daban-daban. Sharaɗi ɗaya dai shi ne a nemi yardar masu faifan, musamman inda akwai hotunan matan aure, a kuma kiyaye haƙƙin makaɗi da magadansa kamar yadda dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanada.

Daga ƙarshe, kira na musamman ga 'yan bokon Karaye da Rogo da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja. Idan kun je gida salla mai zuwa, ku nemi kwalin nan kafin a zubar da shi a sharar gyaran ɗaki. Ku nemi na'ura mai aiki, ku tara yara da tsofaffi wuri ɗaya, ku sa faifan bikin da aka yi shekara ashirin da suka wuce, ku riƙe biro da takarda. Duk sunan da tsohuwa ta ambata ku rubuta, duk kalmar da yaro ya tambaya ku bari a fassara masa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an adana ta. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana.